Yadda ake nemo gona mai araha a karkara, da yadda dillali zai tallata ta

Duk gonar da aka yi wa kuɗi ƙasa da na maƙwabtanta, akwai dalili. Wani dalilin ba ya cutar da mai saye: magada ne suke son a sayar a raba, ko mai ita ya koma birni noma ya fita ransa, ko hanyar wurin ce ba ta da kyau tukuna. Wani dalilin kuwa shi ne zai cinye kuɗin gaba ɗaya: rigimar gado, jingina, burtali, ambaliya, ko ƙasar da ta mutu. Aikin mai saye da na dillali duk a nan ya tattara, wato a gano dalilin arahar kafin kuɗi su fita daga hannu. Bayanin da ke tafe ya shafi gonaki da filayen karkara a arewacin Najeriya.

Fara da abin da za a yi da gonar

Kafin ka tambayi kowa ko akwai ta sayarwa, yanke abin da za ka yi da ita. Mai noman masara da waken suya yana neman ƙasa mai jiki da ruwan sama wadatacce, irin ta yankin Saminaka, Giwa, Funtua ko Doguwa. Mai gero, gyaɗa da riɗi jigawa ta ishe shi, kuma ta fi sauƙin kuɗi. Mai shinkafa da kayan lambu fadama yake nema, ita kuwa ko'ina tsada gare ta. Mai gidan kaji ko kiwon ƙiba bai damu da kyan ƙasa ba, hanya da ruwan sha da kusanci da kasuwa su ne nasa, don haka fako ma da manomi ya raina zai yi masa. Wanda bai tsayar da wannan ba, duk gonar da aka nuna masa sai ya ga ta yi.

Sai ma'auni. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato mita 100 tsawo, 100 faɗi. Eka ɗaya kimanin murabba'in mita 4,047 ce, saboda haka hekta ta kusa eka biyu da rabi. A ƙauye ba da waɗannan ake magana ba, za ka ji an ce "tana cin tiya goma ta iri" ko "ana samun dami arba'in". Ka karɓi maganar a matsayin labari, amma ciniki a kan awo za a yi shi. Mutane da yawa sun biya kuɗin hekta aka ba su eka.

Inda ake samunta

Gonar da ke bakin kwalta kowa ya gan ta, kuɗinta ya riga ya hau. Araha tana kilomita 3 zuwa 10 daga titi, a kan hanyar burji ko turbar da mota ke bi da rani. Ɗauki babbar kasuwar amfanin gona guda, kamar Dawanau, Maigatari, Dandume ko Makarfi, ka bi hanyoyin da ke kawo mata kaya, kana tsayawa ƙauye ƙauye.

Labarin gonar sayarwa ba a allo yake ba, a bakin mutane yake. Mai unguwa da dagaci sun san wanda ya rasu aka bar gado. Sarkin noma ya san gonar da ta yi shekara uku saura. Mai sayar da taki da direban tarakta sun san wanda ya rage noma. Ka je ranar kasuwar ƙauyen, ka gaisa da dattawa, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili. Kada ka shiga da mota mai ƙyalli da tawaga, don daga ranar farashin duk ƙauyen ya tashi.

Lokaci ma yana da tasiri. An fi fitar da gona kasuwa a bazara, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin taki, da lokacin biyan kuɗin kujerar Hajji, da bayan rabon gado. A nan a yi hattara. Samun mutum cikin matsi ba izini ba ne na karya masa kaya. Ban da alhaki, cinikin da aka yi wa mai gona wulaƙanci shi ne wanda 'ya'yansa ke tasowa su nemi warwarewa, kuma da su za ka yi maƙwabtaka. Ka tambayi kuɗin da aka sayar da gonaki uku na kusa cikin shekarar da ta wuce, kuɗin da aka biya ba wanda aka sa suna ba, ka yi tayi a kusa da shi.

Taka gonar da ƙafarka, sau biyu

Ba a cinikin biri a sama. In da hali a ga gona sau biyu: a watan Agusta, lokacin da ruwa ya kai maƙura, da kuma Maris ko Afrilu, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Agusta zai nuna maka inda ruwa ke kwanciya da ko mota na iya shiga. Afrilu zai nuna maka ko akwai ruwan da za a dogara da shi. In ciniki ba zai jira ba, alamu suna nan ga mai lura. Dubi gindin itatuwa da katangun gidajen kusa, ambaliya tana barin zane da tarkacen ciyawa a rassa. A ƙananan hukumomin da ke bakin kogin Haɗeja, irin su Auyo, Ringim, Miga da Kafin Hausa, wannan tambayar ita ce ta farko, ambaliyar 2022 ta isa shaida.

Ciyawa da itatuwa ba sa yi wa mai gona kara. Gawo a gona alheri ne, yana zubar da ganye da damina, ƙasar gindinsa tana da ƙarfi. Goruba da giginya kan nuna ruwa bai yi nisa ba. Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, in ya yi yawa ƙasar ta gaji, kuma irinsa yana shekaru a cikin ƙasa yana jiran dawa ko masara. Tofa da jiji suna cin kuɗin noma. Farin ɓurɓushi a saman ƙasa da rani kanwa ce ko gishiri, an fi ganinsa a filayen noman rani da ba su da magudana, gyaransa kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne.

Ka sa a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wuri uku: sama, tsakiya da gangare. In an tarar da marmara ko dutse kafin a kai rabin mita, saiwa ba za ta nutse ba, itacen lambu ba zai yi ba. In ƙasar ƙasan ramin toka-toka ce mai ɗigon tsatsa, ruwa na daɗewa a wurin. Cika ramin da ruwa ka dawo washegari: wanda ya tsotse cikin sa'a guda rairayi ne zalla, taki zai riƙa zurarewa, wanda kuma ya kwana cike laka ce, sai shinkafa. Gonar da ta wuce hekta 5 ta cancanci gwajin ƙasa. A ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20 a warwatse, zurfin santimita 20, a gauraya a bokiti, a ɗauki rabin kilo a kai ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya ko na Jami'ar Bayero.

Leƙa rijiyar da ta fi kusa, ka tambayi gaba nawa ce, kuma ko tana ƙafewa. Tambayi mita nawa aka yi kafin a sami ruwa a burtsatsen ƙauyen. Sannan hanyar shiga: gonar da sai an ratsa ta wani kafin a kai gare ta, a rubuta hanyar cikin yarjejeniya da sa hannun mai waccan gonar, faɗin da tarakta za ta wuce, aƙalla mita 4.

Batun tsaro ba a jin sa daga bakin mai sayarwa. Dubi gonakin da ke kewaye: an nome su bana? Mutane na kwana a ƙauyen? Gonakin da ke gefen manyan dazuzzuka irin Rugu, Kamuku da Kuyambana sun faɗi warwas a kuɗi saboda masu su ba sa iya zuwa, sabon mai saye ma ba zai iya ba.

Wa ke da ita, kuma wa ke da magana a kanta

Nan ne kuɗin mutane suka fi nutsewa, nan ya kamata a fi daɗewa. Tambayar farko: ta yaya gonar ta zo hannunka? Amsar ba ta wuce gado, saye, kyauta, ko saran daji da izinin dagaci. Kowace da abin da za a bincika.

In gado ce, an raba ko ba a raba ba? In an raba, a ga takardar rabon daga kotu ko daga malamin da ya raba, da shaidu. In ba a raba ba, babban wa shi kaɗai ba ya sayarwa, ko da shi ke noma ta shekara ashirin. Kowane magaji sai ya yarda, har matan da ke aure a wasu garuruwa, har wanda ya tafi ci-rani. Rabon maraya kuwa sai ta hannun waliyyinsa, kuma abin da ya fi aminci a bi ta kotu. Akwai kuma shufa'a: a mazhabar Malikiyya, in ɗaya daga masu tarayya a gonar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin ya biya kuɗin ya karɓe. Wanda ya sayi kason mutum ɗaya a gandun da ba a ja wa iyaka ba, ya san da wannan.

Sai ka tambayi wanda ya noma ta bara. In ba mai sayarwa ba ne, a kan me yake ciki: aro, haya, ko jingina? Mai jingina ba ya fita sai an mayar masa da kuɗinsa, don haka a biya shi a gabanka daga cikin kuɗin cinikin. Mai haya yana da sauran damina nawa? Itatuwa ma a tambaya. A wurare da yawa ɗorawa, kaɗanya ko tsamiyar da ke cikin gona ta wani ce dabam, yakan zo ya girbi abinsa duk shekara.

Ranar zagayen iyaka a kira maƙwabta na gabas, yamma, kudu da arewa, da mai unguwa, a taka tare. Duk inda aka yi gardama a tsaya a warware a wurin. Iyakar gargajiya gamba ce, ko jema, ko aduwa, waɗannan kuwa suna matsawa. Ana gamawa a kafa siminti a kowace kusurwa, daga baya a dasa bini-da-zugu ko dashi a bi layin. Manhajar awo ta waya tana ba da ƙiyasi, amma takan kauce da mita 3 zuwa 5, saboda haka awon da za a sa a takarda na safiyo mai rajista ne.

Akwai filayen da ko dagaci ya sa hannu ba su sayuwa: burtali, makiyaya, mashaya, gandun daji na gwamnati, maƙabarta, filin idi, wakafi. Burtali ya fi yaudara, don da rani fili ne shimfiɗaɗɗe ba kowa, da kaka kuwa garke ne zai bi ta kan amfaninka, kuma su ke da gaskiya. Tambayi arɗon yankin, ba manoma kaɗai ba. Haka ƙarƙashin babban layin lantarki: mai ƙarfin kilobolt 330 yana da hurumin mita 50 in an haɗa gefe biyu, mai 132 yana da mita 30. Titin gwamnatin tarayya yana da mita 45.72 kowane gefe daga tsakiyarsa. Filayen da ke cikin aikin noman rani na madatsar Tiga, a Kura, Bunkure da Garun Malam, a tuntuɓi Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kafin a biya.

Takardu

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke saye haƙƙin zama da amfani ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo, abin da ya haura sai da yardar gwamna. Sauya hannu ma yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma, in kuwa filin mai satifiket ɗin jiha ne, sai amincewar gwamna. Takardar dagaci shaida ce mai amfani ƙwarai, amma ba ta kai wannan ba.

Ka ɗauki lambobin awon safiyo ka kai ofishin filaye na jiha, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, NAGIS a Nasarawa, a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin, ko an taɓa ba wani satifiket a kai, ko ƙauyen ya shiga cikin yankin da aka ayyana birni. Gonar da aka biya diyyarta shekarun baya takan ci gaba da nomuwa, sai jikan mai ita ya sayar wa baƙo. A Abuja kuwa minista kaɗai ke ba da fili, takardar sarki ko ta ƙaramar hukuma ba ta tsayawa.

Yarjejeniya ta ƙunshi sunayen ɓangarori da hotunansu, girman gona da awo, maƙwabta huɗu, asalin mallaka, kuɗi, abin da ke ciki na itatuwa da rijiya, ranar miƙa gona, da sharaɗin mayar da kuɗi in wani ya fito da haƙƙi. Shaidu biyu kowane ɓangare, sa hannun mai unguwa da dagaci, lauya ya tsara. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, sauran sai bincike ya kammala. A biya ta banki, cikin asusun mai gonar da kansa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan tsabar da ta wuce naira miliyan 5 hannu da hannu. Kana karɓa ka shiga: share ta, noma ta, ko ka ba wani haya a rubuce. Gonar da aka saya aka bari shekara biyar, maƙwabta na gutsurar ta kunya kunya.

Kafin ka ce ta yi araha, tara duka: kuɗin gona, la'ada, awo, takardu, sassabe, gyaran hanya, rijiya. A ce wata hekta naira miliyan ɗaya ce amma sai an cire kututture an yi kwalbati, wata kuma miliyan ɗaya da rabi ce a shirye take a shiga da garma. Sau da yawa ta biyun ce mai araha.

Ɓangaren dillali

Duk binciken nan na sama, dillalin kirki yana yin sa kafin ya fitar da gona talla, ba bayan mai saye ya biya ba. Sai ya karɓi wakilci a rubuce daga mai gona: kuɗin da ya sa, ƙarshen abin da zai sallama, la'ada nawa kuma wa zai biya, da wa'adi, misali wata uku. A garuruwa da yawa kashi 5 cikin ɗari ake ɗauka daga kowane ɓangare, amma al'ada ta bambanta, shi ya sa ake faɗa tun farko. Ɗora kuɗi a ɓoye a kan abin da mai gona ya sa, ranar da mai saye da mai sayarwa suka haɗu a masallacin Juma'a asiri ya tonu, kuma ƙauyen ya rufe maka ke nan.

Abin da ke kashe araha shi ne yawan hannu. Gona ta fito daga mai ita, ta bi dillalai biyar, kowa ya ɗora, kafin ta kai birni ta ninka. Kada sarƙar ta wuce mutum biyu, na ƙauye da na gari, su raba la'ada ɗaya. Wanda ya mayar da abin sana'a ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya kuma yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, wadda ake nema daga dillalan gidaje da filaye.

Hoto a ɗauka da safe ko da la'asar: kusurwa huɗu, hanyar shiga, rijiya, ramin da aka haƙa, da ƙasar a tafin hannu. Bidiyo na minti biyu ya isa, a fara daga inda aka sauka daga kwalta, don mai kallo ya ga hanyar da idonsa. A faɗi watan da aka ɗauka. Hoton damina kore shar da aka nuna wa mutum ya zo da rani ya ga fako, ciniki ya mutu tun a mota.

Rubutun talla gajere ne, cike da abin da mai saye zai tambaya. Ga irin sa: "Gona hekta 3, awon safiyo. Kilomita 6 daga kwalta, hanyar burji, mota na shiga in ban da tsakiyar Agusta. Jar ƙasa, bara masara aka yi. Rijiya gaba 8 a kusa. Gado ce, an raba, takardar kotu tana nan. Gefen arewa akwai zaizaya kamar rubu'in eka. Kuɗi kaza, la'ada kaza." Aibin da aka faɗa a talla yana rage masu kira, amma waɗanda suka kira masu saye ne. Ɓoye aibi haramun ne a ciniki, haka ma kawo wani ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye. Kuma kada a yi alkawarin abin da ba a hannu yake ba, irin "za a kawo titi" ko "jirgin ƙasa zai bi ta nan".

Kowace gona da mai sayenta. Fadama manoman shinkafa da masu injin casa za a kai wa. Babbar gonar tudu 'yan kasuwar hatsi. Hekta ɗaya zuwa biyu kusa da gari ma'aikata da masu shirin ritaya, waɗannan ta ƙungiyoyin adashi da na taimakon kai na ma'aikatu ake samun su, kuma sun fi son biya kashi kashi. In za a yi haka a rubuta wata nawa, da abin da zai faru in an kasa cikawa. WhatsApp ya fi kawo mai saye na gaske saboda wanda ya san ka ne ke turawa, Facebook da TikTok suna kai labari nesa, rediyo kuma har yanzu shi ke isa ga manoma. Kada a sa hoton takardun gona cikakke ko lambobin awo a intanet, 'yan damfara da su suke sayar da gonar da ba tasu ba. Mai saye da ke ƙasar waje ya wakilta ɗan'uwa ya taka gonar, kuma takarda ta fita da sunan mai kuɗin, ba na wakilin ba.

A tara masu son gani rana ɗaya a mako, a tafi da mota ɗaya, a sanar da mai gona da mai unguwa tun jajibiri. Ka bar mai saye ya keɓe da maƙwabta ya yi tambayoyinsa ba ka wurin.

Saura masu yanka gona fuloti fuloti. Hekta ɗaya a lissafi tana ba da fuloti 21 masu ƙafa 50 da 100, amma in an fitar da tituna na gaske abin da ke saura bai fi 15 ba. Mai awon igiya yana samun ashirin ne ta hanyar matse layi har mota ba ta juyawa, ba magudana, ba filin makaranta. Doka ba ta yarda a yanka gonar karkara fuloti ba tare da izini ba, kuma in rusau ya zo kan wanda ya saya yake faɗawa. A kai tsarin ga hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA in a Kano ne, a nemi sauya amfanin filin daga noma zuwa zama, a jira amincewa ta fito a rubuce, sannan a kafa siminti a fara karɓar kuɗin mutane.